Shekarar da Na Hana Mele Zuwa Noma

Gure, bayan an gama ɗaurin gero.

Zuwa ga Mai Sunan Malam.

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya kai ka inda aka tura ka lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya, ya kuma tsare ka daga sharrin kanka.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Ka dai san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. In na buɗe baki da niyyar faɗa maka wani abu, sai in ji kaina ina tambaya ko an ba doki ruwa. Abin da ke cikin takardar nan kuwa, ko da kai ne auta, ba zan iya faɗarsa ina kallon idonka ba. Shi ya sa na rubuta na ba innarka ta tura cikin jakar kayanka. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na iya ɓoye kaina cikin Faransanci, na daɗe ina yi.

An ba ka kilas. Yara za su miƙe in ka shigo, su kira ka Mushe, wato malam a bakin Faransa, kamar yadda aka kira ni shekara goma sha ɗaya. Shekaranjiya na ji ka a zaure kana gaya wa abokinka cewa aikin ubanka ka gada, kuma yadda ubanka ya yi shi haka za ka yi. Na koma cikin gida, ban fito ba sai da kuka tashi. Kada ka yi yadda na yi. Zan ba ka labarin shekara ɗaya daga cikin shekarun nan, daga kaka zuwa damina, da yaro ɗaya. Kowane lokaci na shekara yana da aikin da ya dace da yara. Na san ayyukan nan, kuma da hannuna na ɓata mafi yawansu.

Kana goye a lokacin. Lakwal ɗinmu, wato makarantar Nasara, ɗaki ɗaya ne na laka, ni kaɗai ne mushe, yaran kuwa mafi yawansu ba da son iyayensu aka kawo su ba. A cikinsu akwai Mele, ɗan wani ƙauye na ƙasar Bune. Mai garinsu ya ba da shi ne domin ubansa, Bukar, talaka ne da ba shi da mai tsaya masa. Shekararsa ta uku ke nan a hannuna, bai fi shekara goma sha biyu da haihuwa ba. Siriri ne, ba ya yawan magana, amma hannunsa ba ya zama. In ka bar shi da guntun kara ko ɗan yumɓu, kafin ka juyo ya mai da shi wani abu.

Muna buɗe lakwal ne bayan kaka ta kama. Littafin da nake koyarwa da shi daga Faransa ya zo, darasin farko kuma na lokutan shekara ne, irin nasu na can: lokacin da ganye ke zuba, da lokacin da ƙanƙara ke sauka fara fat ta rufe gari. Na sa su haddace kamar karatun aku. Rannan na tambayi Mele wane lokaci muke ciki. Ya tsaya yana laluben kalmar Faransanci, ta ƙi zuwa, ya leƙa ƙofa inda jakai ke wucewa ɗauke da dammunan gero, ya ce, “Kaka.” Na yi masa bulala biyar a tafin hannu, na rataya masa sambol a wuya, wannan ƙashin jakin mai igiya da ake rataya wa duk wanda ya yi yaren gida. Ya wuni da shi. Yaro ya faɗi gaskiya na doke shi, domin bai faɗi abin da ni kaina ban taɓa gani ba. Har yau ban san yadda ƙanƙarar nan take ba.

Kai in kaka ta yi, ka ce kowane yaro ya zo da zangarniyar gero guda daga gonarsu. Su jera su a ƙasa daga doguwa zuwa gajera, su auna da taƙi, sannan su auna da metir, su ga wanne ne ba ya canzawa daga hannu zuwa hannu. Ka roƙi dami ɗaya, a sussuke shi a tsakar lakwal, su auna tiya nawa ya bayar, sa’an nan kowa ya gano dami nawa gidansu ke ci a wata. Yaron da ya yi wannan ya iya raba da ninkawa ba tare da ya san sunansu ba. Kada ka bar kara ya lalace. A yanyanka shi gajeru a ɗaure goma-goma don ƙirga, kowa ya feƙe wa kansa ma’auni, ranar Alhamis kuma ka bar su su gina rumbu ko doki ko mota da sille. Abin da ke hannunsu za ka fara da shi, in ya zauna a kansu ka ba shi sunan Nasara. Shi kuwa sambol, in ka tarar da shi a rataye a kilas ɗinka, abu ne mai saurin ɓata. In ya ɓata kada ka neme shi.

Da ɗari ya shigo muka koma lambu. An ba mu wuri a kwari kusa da rijiya, bariki ya aiko mana da irin salati da karas da tumatir. Ba ni da kilas da ya fi lambun nan, da na san abin da nake yi. Amma ni ba karatu ya kai ni can ba. Tun rana ba ta fito ba nake tada su, a cikin sanyin nan da ke shiga ƙashi, yawancinsu daga su sai bante. Su ja guga, su ɗauki tulu, ruwa na zubo musu a gadon baya. Ni kuwa ina tsaye cikin kwat, hannuwana a aljihu. Kowace safiya a cika kwando da salati a kai wa kukun Kumandan, Baturen mulki, a ce Mushe yana gaisuwa. Har ɗarin ya wuce babu yaron da ya ɗanɗana tumatir ɗaya. Hannun Mele ya tsattsage, wata rana jini ya ɓata masa allon rubutu, na yi masa faɗa a kan ƙazanta.

Na sha gaya wa kaina cewa haka aka yi mini a Damagaram ina yaro, ga shi na zama mutum. Ƙarya nake yi wa kaina. So nake Kumandan ya san sunana.

Ka jira rana ta ɗaga kafin ka fitar da su. Safiyar ɗari ta karatu ce, a fito da tabarma a jingina da bangon da rana ke duka. Ka ba kowane yara biyu fangali ɗaya ya zama nasu, su kafa tsinke kusa da shuka, duk Juma’a su yi masa tsaga inda ta kai, su zana ganyenta a allo. Rabin lambun ya zama albasa da yakuwa da barkono, abin da uwayensu suka san yadda ake dafawa. Abin da ya fara nuna kuma nasu ne, a yanka a raba a ci a wurin, kai ma ka tsuguna ka ci. In ya ragu a kai bariki. A lokacin ne kuma kaba ke samuwa. Ka nemi tsoho mai tukar igiya ko saƙar tabarma, ka kawo shi kilas, ka ba shi kujerarka, kai ka zauna cikin yara ka koya. Ni ban taɓa yi ba, ina ganin girmana zai zube. Wani mushe da ya zo bayana ya yi, na leƙa na ga yadda yaran suka yi tsit suna kallon yatsun tsohon, irin shirun da ban taɓa samu ba sai da bulala.

A cikin ɗarin nan ne na kewaya bayan kilas wata rana da azahar na tarar da Mele a tsugune. Ya kwaso yumɓu daga bakin rijiya ya gina wani abu a ƙasa, tsawonsa ya kai gaba biyu. Na ɗaga murya na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce hanyar gidansu ce. Sai ya shiga nuna mini da tsinke. Ga duwatsun da ke bayan Gure, kowane da siffarsa. Ga tudun yashi, da yashi na gaske ya yi su. Ga kwarin da ake kwana, ya kakkafa ƴan tsiraran kaba a matsayin goruba. Rijiyoyi kuwa ɓawon ƙwallon goruba ya binne ya zuba musu ruwa. A can ƙarshe ga ƴan bukkoki uku, ya ce ta tsakiya ce ta innarsa. Kewar gida ce ta sa shi. Ni kuwa shekara biyu ina fama da yaran nan su gane mece ce taswira, ina nuna musu takarda mai launi suna kallona. Ranar na tara su a bayan kilas, kafin la’asar har ƙaramin cikinsu ya gane. Na sa aka rufe ginin da tabarma, na hana kowa taɓawa. Ban ce wa Mele sannu ba.

Da bazara Bature mai duba lakwal-lakwal ya zo daga Damagaram. Ya saurari karatu yana hamma, zafi ya dame shi. Sai na kai shi bayan kilas na sa Mele ya yaye tabarmar. Mutumin nan ya cire hularsa ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, yana bin hanyar da yatsa. Ya ɗago ya tambaye ni wa ya yi tunanin wannan. Na ce ni ne. Na ce ni na tsara, yara ɗaukar yumɓu kawai suka yi. Mele yana tsaye riƙe da bakin tabarma, kuma yana jin Faransanci sarai, ni na koya masa. Ya naɗe tabarmar ya jingine ta.

Takardar yabon nan mai hatimi da ke cikin akwatin ƙarfe, wadda kake roƙo a fito maka da ita kana yaro ka shafa, ta wannan ranar ce.

Ka sa yaranka su gina ƙasarsu da yumɓu, kowa hanyar garinsu, ba abin da ya fi shi koya musu gabas da yamma da nisa da kusa. Amma ka kafa ɗan katako kusa da kowane aiki da sunan mai shi. In babba ya zo ya tambaya, ka kira yaron ya yi bayani da bakinsa, ko da zai yi in’ina. Sauran aikin bazara ba shi da yawa, zafi ba ya barin kai ya ɗauki abu mai nauyi. Ka fara da wuri ka tashi da wuri, randa kada ta bushe a kilas. Ka kafa sanda a tsakar fili su riƙa zana inda inuwarta ta kai safe da hantsi da azahar. Ku je rijiya ku auna igiyar guga a farkon bazara, ku koma a ƙarshenta ku ga gaba nawa aka ƙara. Ka sa su zuba ido ga shamuwa, wanda ya fara ganinta shi zai rubuta ranar a bango.

Kafin Baturen ya hau doki ya ce mini, in gonar lakwal ta yi kyau irin wannan, zai yi magana a ɗaga ni a mai da ni Damagaram. Maganar nan ta shiga kaina ta zauna. Da damina ake ba da hutu, yaran ƙauye su koma gida su taya iyayensu noma. An yarda mushe ya riƙe ƴan kaɗan daga yaran cikin gari, su riƙa zuwa bi da bi suna duba gonar. Wanda za a riƙe da wanda za a sallama, a hannuna yake, ba wanda ya taɓa tambayata. Na faɗaɗa gonar ta ninka ta bara. Na riƙe manyan yara goma, na sa Mele a kansu, domin shi ne in ya ja igiya layin shuka ke miƙewa sak.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi. Muna cikin noman fari wata rana da hantsi, ina zaune a kujera ƙarƙashin aduwa a bakin gona, sai ga wata mace da goyo, ƙafafunta sun yi futu-futu. Falmata ce, uwar Mele. Kwana biyu ta yi tana tafe. Ta durƙusa nesa da ni ta gaishe ni, ta haɗa Barbarci da ƴar Hausar kasuwa. Ta ce kurkunu ya kwantar da Bukar, ƙafa biyu duka, ko bakin ƙofa da jan gindi yake zuwa. Ta samu ta yi shuka ita kaɗai, amma ciyawa ta fi ƙarfinta, maƙwabta kuma kowa na fama da tasa. Ta ce, “Mushe, kwana goma kawai. In ya nome mini sau ɗaya, ni zan dawo maka da shi da ƙafata.”

Ka san ina jin Barbarci kamar yadda nake jin Hausa, a bakin kakarka na sha shi. Ban tashi daga kujera ba. Na amsa mata da Faransanci, na kira Mele daga cikin kunyoyin gero da hauyarsa a hannu, na ce ya fassara. Na ce ya gaya mata gonar lakwal ce gaba da kowace gona. Na ce ya gaya mata in ta kuskura ta tafi da shi, zan sa a tura sojan bariki ya ɗauko mijinta ko a kan jaki ne.

Mele ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya juya wajen uwarsa. Ina jin kowace kalma. Ya ce mata, “Mushe ya ce shi ma ya so ya sake ni, abin ya dame shi ƙwarai. Nasara ne suka hana, shi ba shi da iko. Ya ce ki gaida Baba, Allah ya ba shi lafiya.”

Matar nan ta ɗaga hannu ta yi mini addu’a. Ta ce ta san ba laifina ba ne, kowa da na gaba da shi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƴar ƙwarya ta man shanu da ta ɗauko mini tun daga gida, ta ajiye a gabana. Na karɓa. A gidan nan aka ci shi, innarka ba ta san daga inda ya fito ba. Falmata ta sha ruwa, ta gyara goyonta, ta kama hanya. Mele ya raka ta zuwa bakin gona ya dawo ya ɗauki hauyarsa. Ina da sauran damar in kira ta. Ina kallonta har ta hau tudu ta sauka.

Bai gudu ba, domin ya san abin da na ce na gaske, ba wanda ya fassara ba. Gonar lakwal ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, masu wucewa har tsayawa suke yi. Baturen bai dawo ba. An canza masa wuri, wanda ya gaje shi bai taɓa jin labarin wata gona ba. Gonar su Mele kuwa ciyawa ta cinye ta. A shekarar nan ƴaƴan ƙarangiya suka riƙa tarawa suna dakawa. Yarinyar da na gani a goye ba ta kai wata damina ba. Ba zan ce ni na kashe ta ba, rai na Allah ne. Amma na kasa cewa ba ni da hannu. Da na sallami Mele bayan an yanke geron lakwal, bai sake dawowa ba, an ce sun ƙetare Barno da ubansa a kan jaki. Na buɗe littafin sunaye na rubuta a gaban sunansa cewa ya gudu.

Damina tana da nata karatun, ba na hana ka. Ka kafa kwalba mai faɗin baki a fili, duk ruwan da aka yi su auna da tsinke su rubuta. Ka sa su jiƙa wake da gero a kasko su ga wanne ke riga tsaga. Ku shuka layi biyu, ɗaya da takin awaki ɗaya babu, su da kansu za su gaya wa iyayensu abin da suka gani. Ka tambaye su me ya sa gawo ke zubar da ganye daidai lokacin da kowane icce ke yin sabo, kada ka yi saurin ba su amsa. Amma gonar kada ta wuce abin da yara za su nome a safiya ɗaya suna wasa. Ta koyo ce. Ranar da ka ji kana son ta fi haka domin wani ya gani, ka tsaya ka tuhumi kanka. Yaron da gidansu ke bukatarsa shi ne farkon tafiya, kada ma ka jira a roƙe ka. Ka san wanda ubansa ke kwance da wanda uwarsa ke ita kaɗai, wannan ma cikin aikinka yake. In uwar yaro ta zo wurinka, ka tashi tsaye, ka amsa mata da harshen da ta zo da shi. In hanawa za ka yi, ka hana da bakinka, ka ce ni ne na hana. Kada ka taɓa ɗora wa yaro maganarka ya kai wa uwarsa. Kuma yawancin abin da za ka ji kana tsoron na sama a kansa, in ka duba da kyau, su ba su ma san da shi ba.

Na ƙara shekaru ina koyarwa bayan wannan. Na rage bulala, na rage gonar, amma aikin ya fita raina. Da na bari na koma rumfar yadi ta gidanmu, na ce wa mutane ƙurar alli ce ta taɓa mini ƙirji. Kai ma haka ka sani.

Da ban rubuta maka duk wannan ba, ba don abin da ya faru kasuwar da ta wuce ba. Ina zaune a rumfa, wani dogon mutum da ya gama sauke mangul daga bayan takarkarai ya zo ya tsuguna a gabana, ya gaishe ni da Faransanci mai kyau, ya kira ni Mushe. Sai da ya faɗi sunansa na gane Mele ne. Sun dawo ƙasar Bune shekara uku ke nan. Bukar ya rasu a can Barno. Shi yanzu fataucin gishiri yake, yana kaiwa har Nguru inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Babu ɗaci a maganarsa ko kaɗan, ya tambayi lafiyar gida, ya ce ya ji ɗana ya zama mushe, Allah ya sanya alheri. Na tambaye shi iyali. Ya ce yana da ɗa namiji mai shekara bakwai, shi ma hannunsa ba ya zama. Na ce ko zai sa shi lakwal. Ya yi murmushi ya ce duk ranar da mutanen mai gari suka zo rubuta yara, a cikin rumbu yaron ke wuni.

Na so in ce ya yafe mini. Bakina ya buɗe, sai na ji ina tambayarsa ko an samu ruwa sosai wajensu bana. Ya amsa, ya miƙe zai tafi, sai ya ɗan tsaya ya ce, “Inna tana nan da rai, Mushe. Har yau ba ta sani ba. In ta yi salla tana sa ka a addu’a, wai mushen nan da ya so ya taimake mu aka hana shi.”

Na rufe rumfa tun azahar ba ta yi ba.

Shekara kusan ashirin ke nan tsohuwar nan tana roƙa mini alheri a kan abin da ban yi ba, ni kuwa ina ta lafiya, ƴaƴana suna ta girma. Ranar Asabar, bayan ka tafi, zan ɗaura wa doki sirdi in nufi Bune. Mele zan fara gani, domin maganar da ya gaya mata tasa ce, don ita ya yi ta, ba ni da ikon warware ta sai da izininsa. In ya yarda, zan durƙusa a gabanta in faɗa mata da Barbarci abin da na ce a ranar nan. In bai yarda ba, zan roƙi gafararsa shi kaɗai in dawo da sauran laifin a wuyana. Ban san wanne ya fi nauyi ba. Innarka na tsammanin sayen kaba zan je.

Ban rubuta don ka tsane ni ba, ban kuma rubuta don ka tausaya mini ba. Gobe za a ba ka ƴaƴan mutane, waɗansu an raba su da uwayensu suna kuka. Ba su da kowa a garin sai kai.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da zazzaɓin baƙon wuri da ruwan da bai karɓe ka ba. Allah ya sa yaran su so ka, iyayensu su yarda da kai. Allah ya ba ka haƙuri a kan mai jinkirin ganewa, ya ba ka adalci a kan mai saurin ganewa. Allah ya sa ka fi ni. Innarka da ƙannenka suna sa maka albarka, ni ma na sa maka.

In za ka ba ni amsa, kada ka rubuto cewa ba komai, ya wuce. Ka rubuto mini sunayen yaranka da garuruwansu, da abin da kuka shuka.

Wassalam.

Mahaifinka.